E. coli: Ƙwayar da ke zaune a hanjin kowa

A cikin hanjin kowane ɗan Adam akwai biliyoyin ƙananan halittu da ido ba ya iya gani. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani ita ce Escherichia coli, wadda ake taƙaitawa da E. coli.

Wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, shi ne ya gano ta a bahayar jarirai a shekarar 1885, daga baya aka raɗa mata sunansa.

Amfaninta

Ƙwayar kan shiga hanjin jariri cikin kwanakin farko bayan haihuwa, ta kuma ci gaba da zama a babban hanji har ƙarshen rayuwa.

Yawancin nau'o'inta ba sa cutarwa. Hasali ma suna samar da sinadarin bitamin K, wanda ke taimaka wa jini ya daskare idan an ji rauni, suna kuma cike gurbin da miyagun ƙwayoyi za su so su mamaye.

Da yake takan rabu gida biyu cikin kimanin minti 20 idan ta samu yanayi mai kyau, masana kimiyya sun mayar da ita abin gwaji. Tun 1982 ake amfani da ita wajen haɗa insulin na masu ciwon sukari.

Illolinta

Matsala kan taso ne idan ƙwayar ta bar hanji ta shiga inda ba gurbinta ba, ko kuma mutum ya haɗiyi wani mugun nau'i.

Ita ce ke haddasa akasarin cututtukan mafitsara, musamman ga mata. Tana iya hawa zuwa ƙoda, ko ta shiga jini, ko ta jawo wa jarirai sanƙarau. Wasu nau'o'in kuma na cikin manyan abubuwan da ke sa ƙananan yara gudawa.

Daga cikin mafi haɗari akwai O157:H7, wanda aka gano a Amurka a 1982. Shanu na ɗauke da shi ba tare da sun yi ciwo ba, amma a jikin mutum yana fitar da dafi mai sa murɗawar ciki da gudawa da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na masu kamuwa da irin wannan nau'i kan iya samun mummunar matsalar ƙoda.

A 2011 wani nau'in ya hallaka mutum fiye da 50, akasarinsu a Jamus. Bincike ya danganta annobar da tsiron hulba da aka shigo da irinta daga Masar.

Yadda lamarin yake a kudancin Jigawa

Hanyar yaɗuwar ƙwayar ɗaya ce a ko'ina: daga bahayar mutum ko kashin dabba zuwa baki, ta ruwa ko abinci ko hannu.

A yankunan noma da kiwo irin su Kiyako da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, haɗarin kan ƙaru da damina, lokacin da ruwa ke kwaso ƙazanta ya zuba a rijiyoyi marasa murfi da tafkuna. Nonon da ba a dafa ba da ganyen da ba a wanke sosai ba su ma hanyoyi ne.

Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke neman wannan ƙwaya idan suna gwada ruwa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha.

A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da dukkan ƙananan hukumominta 27 suka daina yin bahaya a fili. Ɗorewar wannan nasara ta dogara ne ga gyara masai bayan kowace ambaliya, irin wadda jihar ta fuskanta a shekarar 2022.

Bijire wa magani

Wani bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019. E. coli ce ke kan gaba, kuma yammacin Afirka ne ya fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Sayen magungunan kashe ƙwayoyin cuta a kemis ko a kasuwa ba tare da umarnin likita ba na ƙara ta'azzara lamarin.

Kariya da magani

Hanyoyin kariya sun haɗa da wanke hannu da sabulu bayan kewayawa da kafin cin abinci, tafasa ruwan sha da madara, da dafa nama har ya nuna ciki da waje.

Ga yaro mai gudawa, abin da aka fi ba da shawara shi ne ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, tare da ci gaba da shayarwa.

Idan kuwa aka ga jini a bahaya, ko fitsari ya ragu, ko yaro ya galabaita, sai a garzaya asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Likitoci na gargaɗin cewa a irin wannan gudawa, shan maganin tsayar da ita ko na kashe ƙwayoyin cuta da ka na iya ƙara jefa ƙoda cikin haɗari.