Umarnonin da ke ceton aikin mai gina shafin intanet idan wuta ko layi ya yanke

Duk mai gina shafukan intanet a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san abu biyu: wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, ko layi ya yanke ana cikin aika fayil. Akwai ƴan gajerun umarnoni da ake rubutawa a baƙin allon nan da ake kira tarminal, waɗanda ke hana aikin kwana da kwanaki ya salwanta. A Linux da Mac allon yana nan tun asali. Mai Windows kuwa zai iya girka Git Bash ko WSL.

Alamomin da ke ɓuya

Yawancin kwamfutocinmu na da madannai irin na Faransa, wato AZERTY, kuma alamomin da aikin ke buƙata a ɓoye suke. Ana riƙe AltGr a danna 2 don samun ~, 3 don #, 4 don {, 6 don |, 8 don \.

Rage wahalar rubutu

Kibiyar sama tana dawo da umarnin baya. Tab yana ƙarasa sunan fayil bayan haruffa biyu ko uku. Ctrl+R yana nemo tsohon umarni da guntun kalma kawai. Ctrl+C yana tsai da aikin da ya ƙi ƙarewa.

Git: rumbun aikinka

Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, shi ya rubuta Git a 2005. Aikinsa shi ne ajiye hoton yadda fayilolinka suke a kowane mataki, kuma ajiyar ba ta buƙatar intanet.

`git init` yana buɗe rumbun, sau ɗaya tak.
`git add .` sannan `git commit -m "na gyara shafin farko"` suna adana abin da ka yi.
`git log --oneline` yana jero duk ajiyoyin.
`git restore index.html` yana mai da fayil yadda yake a ajiyar ƙarshe. A kula: gyaran da ba a adana ba zai tafi.
`git push` yana tura aikin GitHub ko GitLab idan layi ya dawo.

Kalmomin sirri na uwar garke da na rumbun bayanai, waɗanda galibi ke cikin fayil ɗin `.env`, ba a tura su. A rubuta sunansa cikin `.gitignore` tun kafin ajiyar farko, domin abin da ya shiga tarihin Git yana da wuyar gogewa.

Ci gaba daga inda aka tsaya

Idan saukar da babban fayil ta katse, ba sai an faro daga tushe ba, megas ɗinka su ƙare a banza. `wget -c` tare da adireshin fayil ɗin yana ɗorawa daga inda ya tsaya, muddin uwar garken ta yarda da haka. `curl -C - -O` ma haka yake yi.

Wajen aika shafi, rsync, wanda ya fito a 1996, ya fi kwafi na yau da kullum domin abin da ya canja kaɗai yake turawa: `rsync -avP shafi/ suna@adireshi:/var/www/shafi/`. Alamar / da ke bayan "shafi" na nufin a aika abin da ke cikin jakar, ba jakar kanta ba.

Mai shiga uwar garke da `ssh` ya fara buga `tmux` a can kafin ya soma dogon aiki. Ko layi ya yanke aikin na ci gaba, in ya dawo sai ya rubuta `tmux attach`.

Gwaji da bincike

Ana iya duba shafi ba tare da intanet ba. A cikin jakar aikin a rubuta `python3 -m http.server`, sai a buɗe localhost:8000 a burauza. Idan shafin PHP ne, `php -S localhost:8000`.

`curl -I` tare da adireshin shafi yana nuna amsar uwar garke: 200 lafiya lau, 301 an sauya adireshi, 404 ba a sami shafin ba, 500 matsalar daga uwar garken take. `grep -rn "kalma" .` kuwa yana nuna kowane fayil da layin da kalmar take.

Haruffan Hausa

Idan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suka koma wasu baƙin alamomi, a adana fayil ɗin da tsarin UTF-8, a kuma sa `<meta charset="utf-8">` a saman shafin. Haka ma é da ç na Faransanci ke gyaruwa.

Gargaɗi

`rm -rf` yana goge jaka da duk abin da ke cikinta, ba tambaya, ba kwandon shara. Kafin a danna Enter, a buga `pwd` a ga inda ake, a buga `ls` a ga abin da ke wurin. Kuma kada a kwafo umarnin da ya fara da `sudo` daga intanet sai an san abin da kowace kalmarsa ke yi.