Rigimar da ta haifi .png

Jiya ina rubuta wata 'yar manhaja da ke zana jadawalin farashin hatsi, da na zo wajen adana hoton sai hannuna ya buga .png ban ko yi tunani ba. Jama'a, harufan nan uku rigimar kuɗi ce ta haife su. Ku biyo ni.

A 1987 kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da GIF. Launi 256 kacal yake ɗauka, amma fayil ɗin ƙarami ne, ga intanet ɗin lokacin tafiyar hawainiya yake. Kowa ya rungume shi.

Ashe dabarar da GIF ke matse hoto da ita, LZW, tana da mai ita. Tun 1985 aka yi mata rajista, kuma takardar na hannun kamfanin Unisys. A Disambar 1994 aka sanar cewa masu manhajar da ke aiki da GIF sai sun biya kuɗin lasisi.

Mai kallon hoto ba ruwansa. Masu rubuta manhaja ne suka shiga uku. Akwai Thomas Boutell, wanda ya rubuta gd, kayan aikin da shafuka ke amfani da shi su zana jadawali ko adadin baƙi nan take, su adana a GIF. Ka ba duniya abu kyauta, a ce kuma da kuɗin wani a ciki?

A Janairun 1995 ya fitar da daftarin sabon tsari, 'yan sa-kai suka taru ta imel suna gyarawa. Suka ɗauki dabarar matsewa irin ta zip, wadda ba mai karɓar ko sisi a kanta. Oktobar 1996 hukumar W3C ta amince da PNG.

Abin da ya fi burge ni: a 1999 Boutell ya cire GIF ɗungurungum daga gd. Duk mai son sabon gd dole ya koma kan manhajarsa ya sauya layin adanawa. A Nuwambar shekarar har ranar "ƙona GIF" aka yi.

Wa'adin rajistar ya ƙare a Amurka a 2003, a Turai 2004, GIF ya dawo cikin gd. Amma masu zana jadawali sun riga sun saba. Abin da ya ceci GIF shi ne motsi, don PNG na asali ba ya motsi. Shi ne kuke turo min ana dariya a ƙarƙashin rubutu.