Kofin da Bai Bar Yamai ba Tun 1984

Duk shekara, da an gama gasar babban hutu a Bonkuku da Filinge da sauran garuruwan da ke bin Dallol Bosso, sai tsohuwar gardama ta tashi a fadar matasa, ana shayi ana yi. Wasu su ce lokaci ya yi da ƙasar Kurfai za ta kafa ƙungiyar tamaula ta gaske, mai albashi da mai horarwa, wadda za ta hau har rukuni na ɗaya ta kara da su Sahel da AS FAN, tunda Allah ya hore mana yara masu ƙafa. Wasu su ce a daina wahalar da baki, ƙauye ba ya riƙe kulob. Kowane ɓangare da hujjarsa, amma kafin a yanke hukunci ya kamata a san abu ɗaya: tun da aka fara gasar ƙasa a 1966, sau biyu kacal kofin ya kwana a wajen Yamai.

Tamaula ta shigo Nijar ne ta ƙofofin da Faransawa suka buɗe, wato makarantar boko da barikin soja da ofisoshin da aka cika da akawuna daga Dahome da Togo da Senegal. Da aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka mayar Yamai a 1926, sai ofis da bariki da makaranta suka tattaru a bakin kogi, ƙwallo ta bi su can. Filinge ta ga Nasara da wuri, tun farkon ƙarni na 20, amma abin da ya kawo mata haraji ne da aikin tilas.

Gasar 1966 da sunan ƙasa aka yi ta, amma a zahiri ta unguwannin Yamai ce. Manyan ƙungiyoyin ko suna ba su da shi sai lambar shiyyar gari. Secteur 6 ta ci kofi sau biyar a jere, daga 1966 zuwa 1970, kuma ita ce ta zama Olympic daga baya. Kishiyarta Secteur 7 ta rikiɗe ta zama Sahel a 1974. Waɗannan biyun su kaɗai sun kwashi kofi fiye da ashirin tsakaninsu. Ƙungiyar soja, AS FAN, ta leƙo a 1971 da 1975, ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci sosai a lokacin, alhali ita ce ke nuna inda al'amarin zai dosa.

Zamanin Seyni Kountché shi ne ya fi cancanta a tsaya a kai, ba don ɗan yankinmu ne ba, ko da yake haifaffen Fandu ne ta wajen Damana. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 da ya kawo shi kan mulki, gwamnatin soja ta farfaɗo da samariya, wato ƙungiyoyin matasa na gargajiya, ta mai da ita hannunta a kowane gari da ƙauye. Kuɗin yuraniyom na shigowa a ƙarshen shekarun 1970, ana bukukuwan matasa jiha-jiha, kowane gwamna na so a ce jiharsa ta yi fice. A 1975 aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, aka tsara ta yadda za ta riƙa zagaya jihohi, kowace ta karɓi baƙi a nata lokacin. A wannan zamanin ne Jangorzo ta Maraɗi ta ci kofin tamaula a 1983, Espoir ta Damagaram ta bi sahunta a 1984. A lura da shekarar: 1984 shekarar fari ce da yunwa, farashin yuraniyom ya riga ya faɗi, amma ƙungiyar Damagaram ta bi hanyar kilomita wajen 900 ta ɗauko kofi. A ganina abin da ya ɗaga ta shi ne hukumar jiha da samariya da attajiran gari duk sun sa hannu a wuri ɗaya, domin mulkin lokacin haka yake so. Kountché ya rasu a Nuwamba 1987, samariya ta bi shi a hankali. Babban filin wasan da Sin ta gina aka buɗe a 1989, mai ɗaukar mutum wajen 35,000, sunansa aka sa masa, kuma a Yamai yake.

Shekarun 1990 ba su yi wa kowa daɗi ba. An karya darajar sefa a Janairu 1994, ma'aikata na bin albashi na watanni, har akwai shekarun da ba a fitar da zakara ba, kamar 1995 da 2002. Sahel da Olympic da Zumunta da JS Ténéré sun ci gaba da karɓa-karɓa, amma aljihun masu riƙe da su na ta ramewa. Daga 2005 sai masu kaki suka karɓe fage. Ƙungiyar da yau ake kira AS GNN, ta jami'an gadi na ƙasa, ta ci a 2005 da 2006 da tsohon sunanta AS FNIS. 'Yan sanda sun ci a 2008, soja a 2010. Olympic ta yi yunƙurin ƙarshe a 2012, daga nan kuma har zuwa 2024 duk wanda ya ɗaga kofin ko dai mai kaki ne ko kamfanin gwamnati: kwastan sau biyu, soja a 2016 da 2017, kamfanin mai SONIDEP a 2018 da 2019, jandarma a 2021, kamfanin lantarki Nigelec a 2022, sauran kuma na AS GNN. Ko fita waje ma su ne suka fitar da mu kunya, AS FAN ta kai zagayen rukuni na kofin ƙalubale na Afirka a 2010, jandarma suka maimaita a kakar 2021 zuwa 2022. Mutumin da ya karɓi shugabancin hukumar tamaula ta ƙasa, FENIFOOT, a 2009, Djibrilla Hima Hamidou da ake kira Pele, shi ma hafsan soja ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, sai dai mutane ba sa son faɗarsa. A Nijar kuɗin ƙofa bai taɓa riƙe ƙungiya ba, albashi ne ke riƙe ta. Ƙungiyar bariki tana da motar hukuma, tana da wurin kwana a duk garin da ta sauka, tana da likita, sannan tana iya yi wa yaro alkawarin abin da ya fi kofi daraja a wurin iyayensa, wato aiki mai ɗorewa bayan ƙafa ta gaji. Shugaban ƙungiyar farar hula kuwa da aljihunsa yake sayen takalma, ya biya hayar bas, ya biya masauki da abinci, in yaro ya karye ya biya ɗori. Ranar da kasuwa ta juya masa baya, ko ya faɗi zaɓe, ko ya rasu, ƙungiyar ta mutu tare da shi, sai dai a riƙa tuna sunanta a hira.

Masu musun wannan suna da nasu bayanin. Na farko nisa, cewa Nijar ƙasa ce mai faɗi, tafiya ke cinye ƙungiyoyin jihohi. Akwai gaskiya a ciki, amma Arlit tana nesa da Yamai da kilomita fiye da 1,000, kuma ta riƙe ƙungiyoyi biyu a rukuni na ɗaya, Akokana da Urana, domin gari ne na ma'adinai inda ake biyan albashi ƙarshen wata. Filinge fa? Kilomita wajen 180 ne, Bonkuku ma ba ta kai haka ba, mutum ya yi sallar asuba a gida ya yi walaha a Yamai. Da nisa ne matsalar, da mu ne kan gaba. Kusancin ma cutar mu yake yi, domin duk yaron da ya yi fice, kafin a ankara Yamai ta janye shi. Kuma tun da aka rufe ma'adinin COMINAK a Maris 2021, mutanen Arlit su ma sun ɗanɗana abin da ke samun gari in mai biyan albashi ya naɗe tabarmarsa.

Na biyu talauci. To Maraɗi ba garin matalauta ba ne, alhazanta sun yi suna har ƙetare, ga fili da aka gyara har ya karɓi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2019 tare da Yamai, ga Jangorzo ga Dan Kassawa, amma kofi ɗaya tak a tarihi. Kuɗi na nan, sai dai alhaji ba ya zuba shi inda bai ga riba ko lada ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni haushi, wai mutanenmu kokowa suke so, ko kuma Turai ta ɗauke musu hankali. Wanda ya faɗi haka ya shiga gidan kallo a Bonkuku ranar da Real Madrid ke karawa da Barcelona. Rumfar zana, bencina, batirin hasken rana ko janareta na kuka a baya, kowa ya miƙa dala goma ko ashirin a ƙofa ba tare da an roƙe shi ba, wanda bai samu benci ba ya tsuguna gaba. Mutanen nan suna biyan kuɗi don kallon tamaula kowane mako. Kokowa kuma ta samu jama'a ne don an kai musu ita har gida, kowace jiha da filinta da 'yan wasanta, ɗan Dosso na ganin ɗan kokowa Issaka Issaka nasa ne. Tamaular ƙasa ba a taɓa yi mata haka ba. Yaya za a ce manomi ya mutu a kan ƙungiyar kwastan?

In an leƙa Najeriya, za a ga labarin ɗaya ne da wata riga. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, yau babu ita. Leventis United da Abiola Babes, na kamfani da na attajiri, sun yi tashe sannan masu su suka rufe su a ƙarshen shekarun 1980. Kano Pillars da aka kafa a 1990 ta ci kofi a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma ba ƙungiyar da ta fi ta cika fili a ƙasar, amma duk da cikar filin Sani Abacha, baitulmalin jihar Kano ne ke biyan albashinta. In birni mai miliyoyin mutane bai riƙe ƙungiya da kuɗin ƙofa ba, ina ga Filinge. Ko a Amurka, inda masu San Diego suka biya dalar Amurka miliyan 500 don kawai a ba su gurbi a gasar MLS, an taɓa rufe ƙungiyoyin Miami Fusion da Tampa Bay a farkon 2002 don asara, ta Tampa ma ba a samu mai saye ba.

Ga kuma abin da ya keɓanta da mu, wanda masu tsara gasa a ofis ba sa lissafawa da shi. Gasar ƙasa da rani ake yin mafi yawanta, daidai lokacin da samarin Kurfai da Imanan suka gama girbin gero suka kama hanyar cirani, wasu Yamai, wasu Kwatano da Lome da Abijan, wasu har Libiya. Shi ya sa gasar hutu ke armashi: damina ce, kowa ya dawo noma, 'yan makaranta sun dawo gida. A share fili a yashin dallol, a kafa sanduna, a ɗaura igiya a sama, a yi karo-karo a sayi ƙwallo da rago na wanda ya ci, wani ɗan siyasa ya kawo riguna masu hotonsa. Da kaka ta wuce, rabin 'yan wasan sun watse. Sannan ga rashin tsaro. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tillaberi, an yi lokutan hana hawan babur, kuma babur shi ne motar ɗan kallo daga ƙauye. Ƙungiyar ƙasa Mena kanta, wadda ta kai gasar Afirka a 2012 da 2013, ta yi ta buga wasanninta na gida a Maroko a 'yan shekarun nan saboda filin Yamai bai cika sharuɗɗan CAF ba.

Duk da haka ban bi masu cewa ƙaramin gari ba ya riƙe kulob ba. Ikenne ƙaramin gari ne a jihar Ogun, amma Remo Stars ta Kunle Soname ta ci gasar Najeriya a 2025, da filinta na kanta da makarantar horar da yara. A Senegal, Mady Touré ya kafa Génération Foot a 2000, ya ƙulla yarjejeniya da Metz ta Faransa, ta nan Sadio Mané ya bi, kuma a ƙauyen Deni Biram Ndao suke zaune, suka ci gasar ƙasarsu a 2017. Waɗannan ba 'yan kallo suke sayar wa tikiti su rayu ba. Yara suke reno su sayar, kamar yadda ake kiwata ɗan maraƙi a kai shi kasuwar Baleyara. Dokar FIFA ma tana bayansu, domin duk sa'ad da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana shekara 12 har 23. Moussa Maâzou da ya tashi daga AS FAN ya je Lokeren ta Beljiyam, sannan CSKA ta Mosko a 2009, ya nuna ɗan Nijar na da kasuwa.

Sai dai wannan kuɗi ba ya zuwa sai da takarda. Dole ƙungiyar ta yi rajista da hukumar tamaula ta jiha, dole a yanka wa yaron lasisi da sunanta tun yana ƙarami, kuma ba a yanka lasisi sai da takardar haihuwa, abin da yara da yawa a ƙauyukanmu ba su da shi sai ranar da jarrabawa ta matso. FIFA ta ware wa kowace hukumar ƙasa har dalar Amurka miliyan 8 na shekarun 2023 zuwa 2026 don ayyukan raya wasa, kuma matasan Bonkuku na da hakkin su tambayi nawa ne ya tsallake Baleyara. Amma takardar haihuwa a ofishin magajin gari ake yin ta, shi kuwa nan cikin Bonkuku yake.