Jirgin Yaƙin Da Ba Ya Ɗauke Da Ko Harsashi Ɗaya

  Yau zan ɗauke ku zuwa wani fage da ba a cika jin Bahaushe a cikinsa ba, wato haɗa 'yan ƙananan jiragen yaƙi na roba, abin da nake ɗebe kewa da shi da dare in mun rufe shagon Baba a nan Sabo. Wasu abokaina na cewa wasan yara ne, ni kuwa ba na jin haushinsu, domin duk wanda ya ga ƙato da gemunsa yana manna fiffike da gam dole ya yi dariya. To amma wannan wasa yana da tarihi, jirgin da na fi so a cikin waɗanda na haɗa shi ma yana da nasa, kuma in mai karatu ya biyo ni sannu zai ga cewa a wuri ɗaya suka haɗu, wato a kan maganar nan ta Hausawa, gani ya kori ji.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, kwali ne za ka saya, a ciki akwai gutsattsarin roba maƙale a jikin firam, da takardar bayani, da 'yan sitika na lambobi da tambari. Kai ne za ka yanke su da reza, ka goge da sanfefa, ka haɗa da gam, ka yi fenti. Kowane jirgi yana da ma'auni, kuma wanda ya fi shahara shi ne 1/72. Ma'anarsa, inci ɗaya a jikin ƙaramin daidai yake da inci 72 a jikin na gasken, wato mutum mai tsawon ƙafa shida zai koma inci ɗaya tak. A Ingila aka fara yayin wannan ma'auni a shekarar 1932 da wasu jiragen katako masu suna Skybirds, sannan a 1936 kamfanin FROG ya fito da na roba.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya fitar da abin daga ɗakin yara. Ranar 7 ga Disamba 1941 Japan ta kai wa sansanin sojojin ruwan Amurka hari a Pearl Harbor. Da daren ranar, jirage shida samfurin Wildcat da suka taso daga jirgin ruwan Enterprise suka zo sauka, sojojin da ke ƙasa kuwa suna cikin firgici, suka ɗauka abokan gaba ne suka dawo, suka buɗe musu wuta. Matuƙa uku suka mutu a hannun 'yan uwansu. A farkon 1942 rundunar sojan ruwa ta nemi 'yan makarantun sakandare na ƙasar su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 na katako a kan ma'aunin 1/72, na Amurka da na ƙawayenta da na abokan gaba, a shafe su da baƙin fenti. Hikimar ita ce, in aka rataye ƙaramin a nisan mita 10, girman da ido zai gani daidai yake da na jirgin gaske a nisan mita 720. Da su aka riƙa koya wa masu harbi da matuƙa su gane jirgi daga inuwarsa kawai, kafin su ɗana kunama. Ka ga ashe abin da ake kira wasan yara ya taɓa zama maganar rai da mutuwa.

To yanzu mu koma kan jirgin nawa. Sunansa Crusader, kamfanin Vought na Amurka ne ya ƙera shi domin tashi da sauka a kan jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama. Ya fara tashi ranar 25 ga Maris 1955, kuma a wannan tashin farko ya wuce gudun sauti. Tsawonsa kusan mita 16 da rabi ne, saboda haka nawa da ke kan tebur bai wuce santimita 23 ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa a jikinsa shi ne fiffiken. Doron jirgin ruwa gajere ne, dole jet ya rage gudu sosai kafin ƙugiyar da ke jelarsa ta kama igiyar ƙarfen da za ta tsayar da shi, kuma rage gudu yana buƙatar ɗaga hanci sama. Shi kuwa Crusader dogo ne mai gajerun ƙafafu, in ya ɗaga hanci da yawa jelarsa za ta bugi doron, matuƙin kuma ba zai ga gabansa ba. Sai injiniyoyin suka yi dabara, suka sa fiffiken gaba ɗaya yana ɗagawa ta gaba da digiri 7 lokacin tashi da sauka, jikin jirgin kuma ya zauna kusan a miƙe. Duk da haka jirgi ne mai wuyar sha'ani wajen sauka, ya kuma ci matuƙa da dama a haɗurra.

Na faɗa yana ɗauke da bindigogi huɗu masu bakin milimita 20. Amma akwai ɗan'uwansa da aka cire wa bindigogin duka, aka zuba kyamarori a gurbinsu, wata na kallon gaba, wata ƙasa, wasu gefe da gefe. Da farko F8U-1P ake kiransa, daga 1962 aka koma kiransa RF-8A, kuma 144 aka ƙera. A cikin irinsa ne John Glenn ya ratsa Amurka daga Kalifoniya zuwa Niyok ranar 16 ga Yuli 1957 cikin awa 3 da minti 23, kyamarorinsa na ɗaukar hoton ƙasar tun daga wannan gaɓa har zuwa waccan. Shi ne mutumin da daga baya, a Fabrairun 1962, ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a kumbo.

Babban aikin wannan jirgi ya zo ne a watan Oktoba na 1962. Tarayyar Sobiyet a ƙarƙashin Nikita Kurushef ta kai makamai masu linzami da ke iya ɗaukar nukiliya tsibirin Kyuba a asirce, kilomita 145 kacal daga gaɓar Fulorida. Dalilansa biyu ne, kare gwamnatin Fidel Kastro da Amurka ta yi yunƙurin kifarwa a 1961, da kuma ramuwa kan makaman Jupiter da Amurka ta girke a Turkiyya da Italiya. Ranar 14 ga Oktoba jirgin leƙen asiri na U-2 ya ɗauko hotunan wuraren, amma daga nisan sama da kilomita 20 a sararin sama. Ƙwararru sun gane abin da ke ciki, mutum irina da kai kuwa ɗigo-ɗigo da zane-zane kawai zai gani. Manyan hafsoshi suna matsa wa Shugaba Kenedi ya yi ruwan bama-bamai sannan ya mamaye tsibirin, Sobiyet kuma ba ta amsa cewa akwai makaman ba. Duk ɗan kasuwa ya san ba a cinikin biri a sama, balle kuma yaƙin da zai iya cinye miliyoyin rayuka. Kenedi yana buƙatar hoton da kowa zai gani ya gane.

Ranar 23 ga Oktoba jiragen RF-8A guda shida na rundunar VFP-62 suka tashi daga Key West, biyu-biyu, a ƙarƙashin jagorancin Kwamanda William Ecker. Sun bi dab da ruwan teku don kada na'urar hango jirage ta gan su, da suka iso gaɓa suka ɗan ɗaga zuwa tsayin da bai wuce ƙafa 1,000 ba, suka kunna kyamarori, suka ratsa ta kan sansanonin cikin 'yan mintoci. Babu ko harsashi ɗaya a jikinsu, gudu kaɗai ne garkuwarsu. A Jacksonville aka wanke fim ɗin, aka garzaya da shi Washinton, shi kansa Ecker aka umarce shi ya wuce can ya yi wa hafsoshi bayani da bakinsa. A hotunan ana ganin tantunan makaman, da motocin mai, da wurin harbawa, har da mutanen da ke aiki a ƙasa. Ranar 25 ga wata jakadan Amurka Adlai Stevenson ya baje hotunan leƙen asirin a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, bayan jakadan Sobiyet Valerian Zorin ya ƙi ba shi amsa kai tsaye.

A wannan rana ta 25 wani matashin matuƙi mai suna Gerald Coffee ya hango tarin motoci kusa da garin Remedios, ya kauce daga hanyar da aka tsara masa ya ɗauke su. Da aka wanke sai ga ƙananan makamai masu linzami na fagen daga da ake kira Luna, waɗanda su ma suna iya ɗaukar nukiliya. Wannan ya nuna cewa sojojin da za su sauka a gaɓar Kyuba ba ƙaramin haɗari ke jiransu ba. Ranar 27 aka harbo U-2 a kan tsibirin, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu, kuma a ranar sojojin Kyuba suka riƙa buɗe wa jiragen Crusader wuta. Washegari, 28 ga Oktoba, Kurushef ya sanar ta gidan rediyon Mosko cewa zai kwashe makaman.

Gaskiya ɗaya ce, ba hoto kaɗai ya kashe wutar ba. Ciniki aka yi. Amurka ta yi alƙawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, a asirce kuma ta yarda za ta cire makamanta daga Turkiyya, ta kuwa cire su a 1963. Kyamarar ma ba ta ga komai da komai ba. Amurka ta ɗauka sojojin Sobiyet da ke tsibirin ba su wuce kimanin 10,000 ba, alhali sun haura 40,000, kuma sai a 1992 duniya ta ji tabbacin cewa akwai kawunan nukiliya na fagen daga a wurin. Amma hotunan sun ba shugabanni abin da za su tsaya a kai maimakon zato, kuma da su aka tabbatar an kwance makaman an loda su a jiragen ruwa. Jiragen RF-101 na sojan sama su ma sun yi irin wannan shawagi. A watan Nuwamba Kenedi da kansa ya je Key West ya karrama rundunar VFP-62.

Wannan sana'a ta ɗaukar hoto daga sama ta ƙara tsada a yaƙin Biyetnam. Duk lokacin da aka gama jefa bama-bamai sai a tura mai kyamara ya ɗauko hoton ɓarnar, masu harbi a ƙasa kuwa sun gane haka, sai su gyara zama su jira shi. Babban jirgin leƙen asiri na RA-5C Vigilante, 18 daga cikinsu aka harbo. A cikin ɗayansu Gerald Coffee yake a Fabrairun 1966, ya kuma shekara bakwai a kurkukun Biyetnam ta Arewa. Shi kuwa RF-8 ya ci gaba da aiki har 1987, bayan an daɗe da sallamar 'yan uwansa masu bindiga daga rundunar Amurka. Faransa ce ta riƙe nata masu bindigar har Disambar 1999.

Yanzu mai karatu zai ce, ina ruwan duk wannan da gam da fenti? Ruwansu babba ne. Yawancin kwalayen Crusader da ake samu, kamar na Academy da na Hasegawa, na mai bindiga ne. Da na so in mayar da nawa mai kyamara, sai da na yi makonni ina ƙura wa tsofaffin hotuna ido. Cikin mai bindiga zagaye yake, na mai kyamara kuwa ta gaba shafaffe ne mai kusurwa, domin gilasan kyamara su zauna daidai. Dole na toshe ramukan bindigogi da fila irin ta masu gyaran jikin mota, na gina kusurwoyin da fallen roba, na huda tagogin, na rufe su da roba mai haske da na yanko daga gidan faifan CD. Fentin rundunar na wancan zamani ruwan toka ne mai haske a sama, fari a ƙasa. Da damina a nan Kurmi sai ka yi haƙuri, domin danshi yana hana fenti bushewa da wuri, in ka yi gaggawa sawun yatsanka zai zauna a jikin fiffike har abada.

Akwai kuma wani ɗan zane da bai kai ƙwayar shinkafa ba a wannan ma'auni, wanda in babu shi jirgin bai cika na Kyuba ba. Duk jirgin da ya je ya dawo, sai makanikai su zana masa hoton matacciyar kaza a jiki. Tsokana ce ga Kastro, saboda labarin da jaridu suka yaɗa lokacin da ya je Niyok a 1960, wai mutanensa suna fige kaji a ɗakin otal. Kowace kaza guda tana nufin wani ɗan Adam ya ratsa ta kan bakin bindigogi da hannu biyu babu makami, ya dawo da hoto.

Mafi yawan waɗannan jirage babu su a yau. Wanda Glenn ya yi tarihi da shi ya faɗa teku a 1972 wajen sauka a kan jirgin ruwan Oriskany, na ƙarshe da ya yi aiki kuma yana ajiye a gidan tarihin Smithsonian kusa da Washinton, inda galibinmu ba za mu taɓa zuwa ba. Ƙaramin da ke kan tebur shi ne hanyar da irinmu za su riƙe shi a hannu, su juya shi, su ga inda aka cire bindiga aka sa gilashi. Yaran makarantar 1942 sun sassaƙa nasu don kada a harbi ɗan'uwa bisa kuskure, matuƙan 1962 sun sai da rai don kada a shiga yaƙi bisa zato, mai haɗawa a yau kuma yana koyon duba abu da kyau kafin ya sa reza. Saboda haka in ƙaninka ko ɗanka ya nuna sha'awar irin wannan aiki, ko da da kwali da gwangwani ya fara, kar ka kore shi. Ka tambaye shi sunan jirgin, da shekarar da aka ƙera shi, da aikin da ya yi. In bai sani ba, ku nema tare.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, inda nake son in kawo tarihin Vigilante ɗin nan da na ambata. Allah Ya bar zumunci, Ya ba mu kasuwa mai albarka.