Daga Rufi Ake Fara Gyara

Ranar da na fara shiga wani tsohon gidan sinima a Amurka, wanda ya shekara ashirin a kulle, maigidana a sana'ar filasta ya hana ni ɗaga kai in kalli adon da ke sama. Ya ce in dubi ƙasa tukuna. Duk inda na ga farin gari ya taru a kan kujeru, to ruwa ne ya ci silin a daidai wurin. Murmushi na yi, domin duk wanda ya tashi a gidan soro ya san wannan karatu: ginin da indararonsa ya toshe, damina biyu ta ishe shi.

Yawancin gidajen da muke gyarawa an gina su ne a shekarun 1920, lokacin da kamfanonin fim ke rige-rigen gina wa talaka fada. Mutum ya biya 'yan sulalla, ya zauna ƙarƙashin zinariya da fitilu masu lilo. Kamfanin Loew's kaɗai ya buɗe manya guda biyar a Niyok da kewayenta tsakanin 1929 da 1930. Daga nan duniya ta juya musu baya. A 1948 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya raba masu shirya fim da mallakar gidajen nuna shi, talabijin ta shigo falon kowa, masu hali suka kwashe iyalansu suka koma gefen birni. Gidan sinima na Roxy, mai kujeru kusan 6,000, an rushe shi a 1960.

Waɗanda suka fara ceto ba magina ba ne, makaɗa ne masu neman matsuguni. Ƙungiyar kiɗa ta St. Louis ta tare a wani tsohon sinima a 1968, ta Pittsburgh ta bi sahu a 1971. Amma labarin da muka fi ba sababbin yara shi ne na Cleveland. Wani ma'aikacin hukumar makarantu, Ray Shepardson, ya shiga gidan State yana neman ɗakin taro, ya fito da ciwon gidan a ransa. Ana shirin rushe shi da maƙwabcinsa gidan Ohio don a yi wurin ajiye motoci. Babban zauren ya lalace, kuɗi babu. Sai a 1973 suka jera tebura a soron shiga, suka sa wasan waƙoƙin Jacques Brel da niyyar 'yan makonni. Wasan ya haura shekara biyu ana yi. Mutanen gari suka dawo unguwar da suka ƙaurace wa, maganar rushewa ta lafa. A ganina nan sana'armu ta sami gindin zama: ka fara kunna fitila ko a soron shiga ne, kuɗin rufi zai biyo baya. Rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 da dokar 1986 ta tsayar don gyaran gine-ginen tarihi daga baya ya zo, ya tarar da jama'a sun riga sun tashi.

Aikin kansa ba shi da ƙyalli. Idan ruwa ya cinye adon bangon hagu, na dama muke bi mu ɗauki siffarsa da roba, mu zuba sabuwar filasta a ciki, tun da magina na da sun yi ɓangarorin biyu iri ɗaya. Haka aka yi a gidan Kings da ke Brooklyn, wanda aka rufe a 1977, ya sha yoyo da ɓarayin ƙarfe shekara talatin da 'yan kai, aka sake buɗe shi a Fabrairun 2015 bayan an kashe dala miliyan 95. Launin asali kuwa sai an kankare fenti hawa-hawa har a isa na farko. Babbar matsala tana bayan labule. Don majigi aka gina yawancin gidajen, saboda haka dandamalin ba shi da zurfi, ɗakunan canza kaya ƙanana ne, babu ƙofar da babbar mota za ta sauke kayan wasa. Kuɗi masu yawa a can suke tafiya, inda ɗan kallo ba zai taɓa gani ba.

Ɗan'uwan Kings a cikin gidajen Loew's biyar ɗin nan, wanda ke Jersey City, wata hanya ya bi. An rufe shi a 1986, hukumar birnin ta saye shi a 1993, 'yan sa kai suka shiga da tsintsiya da buroshi duk ƙarshen mako, suna gyara kujeru ɗaya bayan ɗaya. Aikinsu bai kai na 'yan kwangila kyau ba, na gani da idona. Sai dai a lokacin gidan nasu ne.

Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na yi wata goma sha huɗu a kan katakon hawa a wani ƙaramin gari, muna gyaran gidan da aka tara kuɗinsa da sunan yaran unguwa. An yi bikin buɗewa, an tafa. Da na koma bayan shekara guda, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar garin tana atisaye a ɗakin cin abinci, don kuɗin hayar dare ɗaya ya fi ƙarfinta. Wutar lantarki da ɗumama ɗaki da inshora sai an biya, ban musa ba, kuma mawaƙan da ke cika kujeru su ke biya.

Tun daga lokacin, duk kwamitin da ya kira ni in duba masa silin, tambaya ɗaya nake yi kafin in hau tsani: dare nawa a shekara aka ware wa 'yan makaranta da ƙungiyoyin unguwa, kuma a kan nawa? Ku sa shi a takardar yarjejeniya kafin a kwaɓa buhun filasta na farko.