Indiyawan Tirinidad: Yadda Baƙi Suka Zama 'Yan Gida

Gabatarwa

Duk sa'ad da aka ambaci Ba'indiye a ƙasar Hausa, abin da ke fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne finafinan Bambai da raye-rayensu. Amma akwai Indiyawa masu ɗimbin yawa waɗanda kakannin kakanninsu suka bar Indiya tun ƙarni na 19, ba su kuwa koma ba. A wannan ɗan rubutu zan ɗauki guda daga cikin irin waɗannan al'ummomi, watau Indiyawan Tirinidad, wani tsibiri da ke tekun Karebiyan daf da gaɓar ƙasar Benezuwela, in yi ƙoƙarin nuna yadda suka je can, da abin da suka riƙe na gadonsu, da abin da ya suɓuce musu, da kuma faman da suka sha kafin a yarda cewa kiɗansu da bukukuwansu su ma na ƙasa ne. Abin da ya jawo hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne wannan tambaya: idan harshen mutane ya mutu a bakinsu, me ya rage da zai nuna ko su wane ne?

Yadda Suka Je

Turawan Ingila sun soke bauta a ƙasashen da suke mulki a 1834, zuwa 1838 kuma bayi suka sami cikakken 'yanci. Da yawa daga cikin 'yantattun bayin nan, waɗanda asalinsu 'yan Afirka ne, suka bar gonakin rake, don ba mai son zama inda ya sha bulala. Da masu gonaki suka rasa ma'aikata, sai aka juya ga Indiya, wadda ita ma tana hannun Ingila. Aka fito da tsarin ƙwadagon yarjejeniya: mutum ya dangwala yatsa a takarda cewa zai yi shekara 5 yana aiki a gona guda, da alkawarin za a mayar da shi gida daga baya.

Ran 30 ga Mayu, 1845, jirgin ruwa mai suna Fatel Razack ya iso Tirinidad daga Kalkata ɗauke da mutum sama da 200. Daga wannan rana zuwa 1917 da aka tsayar da tsarin, an kai Indiyawa sama da 140,000, akasarinsu talakawan karkara daga yankunan Bihar da Uttar Pradesh masu magana da harshen Bojpuri. Mafi yawansu mabiya addinin Hindu ne, amma akwai Musulmi a ciki. An zaunar da su a barikokin gona, kuma wanda ya fita ba da takardar izini ba, gidan yari ne makomarsa. Da wa'adi ya cika wasu suka koma, amma galibi suka zauna, har aka ba wasu filaye a madadin kuɗin jirgi.

A al'adar Hindu ta wancan zamani, ƙetare teku kan zubar wa mutum da matsayin da ya gada. A cikin jirgi kuwa, ɗan babban gida da ɗan ƙaramin gida suka kwana wuri guda wata da watanni. Daga nan wani sabon zumunci ya tsiro, wanda suke kira jahaji bai, watau 'yan'uwan jirgi, har jikokinsu suka ci gaba da ɗaukar juna tamkar dangin jini.

Abin Da Suka Riƙe

Babban bikin da ya fara haɗa su shi ne Hose, watau tunawa da shahadar Husaini jikan Annabi (SAW) a watan Muharram. Asalinsa na Musulmi 'yan Shi'a ne, amma a Tirinidad 'yan Hindu da baƙaƙen fata duk suka shiga, ana zagaya gari da manyan hasumiyoyi na gora da takarda, ana kaɗa gangunan tasa. Wannan haɗin kai ya tsorata 'yan mulkin mallaka, suka hana jerin gwanon shiga gari. Ran 30 ga Oktoba, 1884, jama'a suka ƙi bin dokar, aka buɗe musu wuta a bakin garin San Fanando, aka kashe wasu, aka raunata da yawa. Duk da haka bikin bai mutu ba.

Wani misali shi ne na wani lebura mai suna Siewdass Sadhu, wanda ya gina ɗan wurin ibada a filin kamfanin rake a ƙauyen Waterloo a 1947. Aka rushe ginin, aka ɗaure shi kwana 14. Da ya fito sai ya ce ai teku ba ta kowa ba ce, ya shiga jidar duwatsu a keke yana zubawa a ruwa, shekara da shekaru, har ya tsayar da gini a cikin teku. An sake gina wurin a 1995, yau kuma baƙi na zuwa kallonsa.

Abin Da Ya Suɓuce

Harshe ne ya tafi. Tun 1868 'yan mishan daga Kanada, ƙarƙashin John Morton, suka soma aiki a cikinsu suna buɗe wa yara makarantu, kuma Turanci ya zama hanyar fita daga gonar rake. Sannu a hankali Bojpuri ya koma harshen tsofaffi. Da aka fara nuna finafinan Indiya a tsibirin a 1935, mutane suka rungume su hannu bibbiyu, daga baya har aka sami matasa na rera waƙoƙinsu ba tare da sanin ma'anarsu ba, kamar dai yadda samarinmu kan yi a Kano da Zariya.

Amma Indiyar fim daban, Indiyar gaske daban. Marubucin nan V. S. Naipaul, wanda aka haifa a Tirinidad a 1932, ya je Indiya a 1962, ya tarar shi baƙo ne a ƙasar kakanninsa. A littafinsa A House for Mr Biswas na 1961 ya ba da labarin wani mutum da ya ƙare rayuwarsa yana neman gida nasa na kansa. A ganina wannan gida ba na mutum guda ba ne. Hali ne na al'ummar da ta rabu da can, nan kuma ba a gama karɓarta ba. Naipaul ya sami kyautar Nobel a 2001.

Neman Gurbi a Al'adun Ƙasa

Bayan samun mulkin kai a 1962, abubuwan da aka fi nuna wa duniya a matsayin al'adun Tirinidad su ne waƙar kalifso, da kiɗan gangar ƙarfe, da bikin kanibal, waɗanda duk aka fi danganta su da baƙaƙen fata. Indiyawa suka ga kamar an mayar da su 'yan kallo. Abin da ya karya wannan shinge kuwa daga ɗakin mata ya fito. Akwai waƙoƙin biki da mata kan yi su kaɗai a daren aure, masu cike da zambo da habaici. A wajen 1970 wani mawaƙi, Sundar Popo, ya fito da irin wannan kiɗa fili, yana gauraya Turancin tsibirin da guntayen kalmomin Bojpuri. Shi ne kiɗan catni. A ɗaya ɓangaren kuma, Lord Shorty, baƙar fata ne, ya zuba amon kiɗan Indiya a cikin kalifso, aka sami kiɗan soka. A 1987 wata mata, Drupatee Ramgoonai, ta haɗa biyun ta hau dandamali, wasu dattawan Indiyawa suka yi mata ca, wai ta zubar musu da mutunci.

Hukuma ma ta biyo baya. Babbar lambar girma ta ƙasar a da tana ɗauke da sunan gicciye. Shugabannin Hindu da na Musulmi suka kai ƙara, kotu ta ce a 2006 akwai wariya a ciki, aka sauya ta a 2008. Ranar 30 ga Mayu kuma ta zama ranar hutu ta tunawa da isowar Indiyawa, a 1995 Basdeo Panday ya zama Ba'indiye na farko da ya riƙe muƙamin Firayim Minista.

Kammalawa

Idan muka koma ga tambayar farko, amsar da tarihin nan ya ba ni ita ce: ganga da biki da abinci sun fi harshe jure wa baƙunci, kuma abin da ya rayu shi ne wanda ya yarda ya cuɗanya da na maƙwabta. Amma kada mu ɗauki asarar harshe da wasa, domin Ba'indiyen Tirinidad na yau sai da fassara yake gane waƙar kakarsa. Daga cikin 'yan Afirkan da aka kai tsibirin nan har da Hausawa, su ma harshensu ya bi wannan hanya. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa mu dace, amin.