Me Ya Sa Manyan Gidajen Abincin Kano Suke Bayan Ganuwa?

A sana'armu, in mutum ya zo da niyyar buɗe babban gidan abinci a Kano, kafin a tambaye shi me zai dafa sai an tambaye shi a ina. In ya ce Nasarawa ko Bompai, sai a gyara zama. In ya ce Kurna ko Gwammaja, sai a ba shi shawara ya tsaya kan shinkafa da wake. Wannan hukunci ya girme mu duka, kuma ba a kicin aka yanke shi ba.

Turawa sun ci Kano a 1903, suka yi mazauni a gabashin ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya jawo kamfanoni da Kwarori. Dokar tsara garuruwa ta Lugard ta 1917 ta tanadi fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da sauran jama'a, da hujjar gudun cizon sauro. Birni ya zama na 'yan gari, Sabon Gari na baƙi daga kudu, Nasarawa da Bompai na Bature. A can aka fara shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a gidajensu da kulob ɗinsu.

Tsofaffin da muka koyi aiki a hannunsu, da yawansu kukun Bature ne ko 'ya'yansu. Su suka nuna mana cewa cokali mai yatsu hagu yake zama, wuƙa dama, kuma ana ɗaga kofi a haske a duba kafin a ajiye. Ta ƙofar baya suke shiga, abin da suka dafa kuwa ba su taɓa zama sun ci a teburin ba.

Kada a ɗauka babu kuɗi a birni. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fi ma'aikatan Turawan nan dukiya nesa ba kusa ba, kuma a cikin gari ya zauna. Sai dai attajirin birni a zaurensa yake ci, tare da maƙwabta da baƙi, a fito da akushi da langa. Magidancin da aka gani a gaban mai tuwo, sai a ce ba lafiya a gidansa. Saboda haka abinci mafi daraja a Kano, irin alkubus da funkaso da miyar taushe da ta ji kabewa, bai samu farashi a teburin babban gidan abinci ba. Gidan abinci na masu albashi ne da baƙi, ba na masu tsohon arziki ba.

Da aka sami 'yanci a 1960, manyan ma'aikata suka gaji gidajen Nasarawa, suka gaji teburin. Otal ɗin Central yana kan titin Bompai, zamanin Gwamna Audu Baƙo gwamnati ta gina Daula da Bagauda. Masana'antun Bompai da Sharaɗa suka tara Kwarori da Indiyawa da 'yan Sin, kowa ya zo da girkinsa, ya buɗe gidan abinci kusa da inda yake kwana. Daga 1986 tsuke bakin aljihu ya fara rufe masana'antu, teburanmu suka yi sanyi. Shari'a ta zo a 2000, giya ta tattara ta koma Sabon Gari. Wasu sun zaci ƙarshenmu ke nan, ashe a lokacin ne magidanci ya ga zai iya kawo iyalinsa ba tare da an yi da shi ba. 'Ya'yan birni suka shigo, amma su suka tako zuwa Nasarawa.

Yau babu dokar da ta hana kowa shiga. Wurin ajiye mota da janareta da rijiyar burtsatse da tsaro su ke zaɓar unguwa, maigadi kuma yana kallon wanda ya sauko daga mota daban da wanda Adaidaita Sahu ta sauke. Masu ɗaukar faranti daga Birged da Dakata da Gama suke zuwa, kuma sau da yawa kuɗin farantin da ke hannun yaro ya fi abin da zai samu a yinin.

Abin da ke damuna shi ne mun karɓi shatar da Bature ya yi mana kamar haka Allah ya halicci garin. Matan da suka fi kowa iya girkin Kano suna cikin lungunan birni, baƙon da ya zo ganin Dala da Kurmi da marinar Ƙofar Mata kuwa sai an mayar da shi Nasarawa ya ci abincin Labanan. Muna da ƙwarewa da masu saye. Abin da ya rage shi ne mai jarin da zai gyara tsohon soro a cikin ganuwa, ya ɗauki waɗannan mata da albashi na mutunci, ya sa wa girkinsu farashin da ya dace da shi.